Regiletar naitirojin wajen gwajin yoyon AC da firji: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu gyaran AC da firji, musamman yaran shago da suka fara tsayawa da ƙafafunsu suna son haɗa kayan aikin kansu. Regileta ita ce na'urar da ake ɗaurawa a bakin tukunyar naitirojin don ta rage matsin iskar da ke fita. Lissafin da ake buƙata tun daga farko kaɗan ne, na ma'aunan matsi uku, bar da psi da MPa: bar 1 daidai yake da psi 14.5, MPa 1 kuma bar 10 ne, wato psi 145. Duk lambobin da za su biyo baya a kan wannan suke.

Me ya sa sai naitirojin? Ga iskar kwamfiresar faci kyauta, ga kuma gas ɗin na'urar kansa.

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, sauran kuma har da laima. Wannan oksijin da wannan laima su ne ba a so su shiga bututu. Man kwamfiresar da ke tafiya da gas ɗin sanyi irin R410A da R134a yana shan laima da sauri, idan kuma ya sha sai ya fara tsami, ya ci rufin wayar kwamfiresa, ruwan da ya rage ya daskare a bakin kafilari, siririn bututun da gas ke bi, ya toshe hanya. Naitirojin na tukunya busasshe ne, ba ya kama wuta, ba ya haɗuwa da mai ya zama wani abu.

Gwaji da gas ɗin na'ura kuwa asara ce biyu. Kuɗinka ne ke tsiyayewa, sannan matsin da tukunyar gas za ta ba ka ba ya wuce abin da zafin ranar ya yarda: R22 a zafin digiri 40 bar 14 da ɗoriya ne kawai. Ga kuma batun doka. R22 yana cikin gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa a daina, ƙasashe irin Najeriya da Nijar da Ghana kuma an ɗibar musu zuwa 2030 su kusan gama rabuwa da shi, shi ya sa yake ƙara tsada. R410A ma gyaran Kigali na 2016 ya sa shi a layi, domin kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 2,088 na iskar kabon.

Oga, ga tukunyar oksijin ta walda a shago. Ba za ta yi ba, tunda ita ma iska ce mai ƙarfi?

Ba za ta yi ba, ko sau ɗaya, ko na minti ɗaya, ko da "ɗan hura bututu kawai" ne. Wannan ita ce tambayar da amsarta ta fi kowace muhimmanci a nan, domin ita ce ke kashe mutane.

Cikin kowace na'urar sanyi akwai mai. Yana cikin kwamfiresa, ya kuma shafe bangon bututu daga farko har ƙarshe. Idan oksijin tsantsa mai matsi ya haɗu da mai, ba ya jiran ashana. Zafin da matsawar kanta ta haifar ya isa ya kunna man, kuma tunda a rufe wurin yake, wutar ba ta da mafita sai ta fasa ƙarfen. Kaskon kwamfiresa ya tsage ya watsu, mai aikin kuma yana durƙushe a gabansa, fuskarsa kusa da geji, wato agogon auna matsi. Wani zai ce ai ubangidansa ya shekara yana yi bai ga komai ba. Ranar da abin zai faru ba ta sallama, kuma wanda ta faɗa wa ba shi ne ke ba da labari ba.

Iskar kwamfiresar faci ma ba ta kuɓuta ba. Iska mai matsi idan ta gauraya da ragowar gas da mai tana iya kamawa, har da gas irin R22 da R410A waɗanda a sarari ba sa cin wuta. R32 da ke cikin sababbin na'urori yana ɗan kamawa da kansa, R290 da R600a kuwa ’yan uwan gas ɗin girki ne.

Haka regiletar oksijin. Kada ka ɗaura ta a tukunyar naitirojin ka yi gwaji, gobe ka mayar da ita kan oksijin. Tiyon gejinka cike yake da maiƙo, kaɗan ya koma cikinta ya isa. Banda haka yawancin regiletocin oksijin na walda bar 10 ne iyakarsu, ba za su kai ka inda kake so ba.

To mene ne aikin regiletar? In na buɗe bawul ɗin tukunya kaɗan-kaɗan fa?

Cikakkiyar tukunya tana ɗauke da bar 150 ko 200, wasu ma 300. Bar 200 psi 2,900 ne. Tiyo mai kyau na R410A an yi shi ne don psi 800, tsofaffin na R22 kuma 500. Buɗe bawul kaɗan gudun iskar kawai yake ragewa, ba ya rage inda matsin zai kai. Muddin ɗaya ƙarshen a toshe yake, matsi zai ci gaba da hawa har ya yi daidai da na tukunya, ko kuma wani abu ya fashe kafin nan. A ƙaramar na'ura wannan daƙiƙu kaɗan ne.

Regileta tana da ƙaramin bawul a ciki, da tantani, da sifirin. Idan ka murɗa hannunta kana danne sifirin ne, shi kuma ya buɗe bawul. Iska na shigowa tana tura tantanin baya, da ta kai ƙarfin da ka danna sai bawul ya rufe da kansa. Ke nan ita ce mai cewa "ya isa" a madadinka, kuma ta fi hannunka sauri.

Wace iri zan saya?

Fara da aikin da kake yi, ba da kuɗin da ke aljihunka ba. Idan har kana taɓa R410A ko R32, kuma yau kusan kowa na taɓawa, nemi wadda ke fitar da bar 50 ko kusa da haka, wato psi 600 zuwa 800. Mai aikin firji da AC na mota kaɗai, mai psi 400 ta wadace shi.

A nan ake yawan yaudarar ido: lambar ƙarshe da ke jikin agogo ba ita ce iyakar abin da regileta ke bayarwa ba. Ana yin agogon ya fi aikin faɗi da gangan don kada allura ta riƙa dukan ƙarshe. Kana iya ganin agogo ya kai psi 600 alhali regiletar 400 take fitarwa. Kamfanin Uniweld, alal misali, yana da RHP400 mai ba da psi 400, yana kuma da RHP800 mai ba da 800, a nesa kuwa kamar tagwaye suke. Juya ta ka karanta abin da aka buga a jikin tagullar ko a kwalinta.

Sauran abin dubawa: matsin shiga da aka rubuta ya kai na tukunyarka ko ya fi, an rubuta naitirojin ko N2 a jikinta, tana da bawul na kariya da ke sakin iska idan matsi ya wuce kima, bakin fitarta irin na tiyon geji ne, kwata inci, agogunan suna da rigar roba, domin kayan mai gyara a bayan babur suke rayuwa. Masu bin ƙa'idar ISO 2503 sukan buga lambar a jiki. Regiletar da ba ta da sunan kamfani, ba ta da lamba, ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar gwangwani, ni dai ba zan tsaya a gabanta da bar 200 ba, ko da a rabin kuɗi aka ba ni.

Mai agogo biyu ita ce mai hawa biyu?

A'a. Agogo biyu kusan kowace regileta na da su: ɗaya na nuna abin da ya rage a tukunya, ɗaya na nuna abin da ke fita. Mai hawa biyu ita ce mai rage matsi sau biyu a cikinta, za ka gan ta da ƙaton ƙeya a baya. Amfaninta matsin fita ba ya motsi yayin da tukunya ke raguwa. A gwajin yoyo ba ka buƙatarta, tunda da ka kai matsin da kake so rufewa za ka yi. Ajiye kuɗin ka sayi geji mai kyau.

Na sayo regileta ta ƙi shiga bakin tukunyata. Me ya faru?

Ba ta lalace ba, ƙasarsu ce ba ɗaya ba. Kowane yanki da irin zaren notinsa. Amurka tana amfani da CGA 580 wajen naitirojin, kuma yawancin regiletocin da ake tallatawa a intanet irin wannan ne. Ingila tana da BS 341 lamba 3, shi ne aka fi gani a tukwanen ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da Najeriya. Jamus tana da DIN 477 lamba 10. Faransa tana da nata da ake kira nau'in C, wanda mai aiki a Yamai ko Maraɗi zai iya cin karo da shi.

Saboda haka tukunya ake fara samu, sannan regileta. Ko a Sabon Garin Kano za ka saya ko a Alaba ta Legas, ɗauki hoton bakin tukunyar da lambar da ke jikin bawul ka tafi da shi. Idan noti bai shiga da hannu cikin sauƙi ba, kada ka sa sifana ka tilasta. Kada kuma ka kai wa mai lesi, wato injin sassaƙa ƙarfe, ya fafe maka adafta. Abin da zai riƙe bar 200 ba a ƙera shi da ƙiyasi. Idan dole ne, a canza wuyan shiga da notinsa gaba ɗaya da na asali wanda aka yi don wannan matsi.

Akwai tarko a tsarin Ingila da ya kamata kowa ya sani. A Amurka bakin oksijin dabam ne, CGA 540, regiletar naitirojin ba za ta hau shi ba. A BS 341 kuwa lamba 3 ɗin nan ɗaya ce ga naitirojin da argon da oksijin. Regiletarka za ta hau tukunyar oksijin lafiya lau, ba abin da zai hana ta.

Ai da launi ake gane tukunya, ko?

Launi shaida ce mai rauni. A tsarin Turai na yanzu, EN 1089-3, kafaɗar tukunyar naitirojin baƙa ce, ta oksijin fara. A tsohon tsarin Ingila kuwa tukunyar oksijin ce baƙa gaba ɗaya, ta naitirojin toka-toka mai baƙar kafaɗa, kuma irin waɗannan tsofaffin tukwane suna nan birjik a wurin masu walda. A Amurka oksijin galibi kore ne. Ƙara da tukwanen da aka sake wa fenti da duk abin da aka samu. Takardar da kamfanin ɗurawa ya manna ita ce magana. Tukunyar da ba ta da takarda, mai ita yana cewa "ina jin naitirojin ne", bar masa kayansa. Duba kuma hatimin gwajin ƙarfi da aka buga a kafaɗarta, wanda ake sabuntawa duk shekara 5 ko 10 gwargwadon dokar ƙasa.

Matsi nawa zan ba na'ura?

Babu lamba ɗaya ta kowa da kowa. Amsar tana jikin farantin bayanai da ke manne a gefen na waje, wato ɓangaren AC da ke wajen ɗaki, ko bayan firji, ko cikin littafin kamfani. A nan ake rubuta iyakar matsin da aka ƙera na'urar ta ɗauka, sau da yawa lamba biyu: ta ɓangaren matsi mai yawa da ta ɓangaren matsi kaɗan. Idan ba za ka iya raba ɓangarorin biyu ba, ƙaramar lambar ce iyakarka.

Na'urorin R410A da R32 na kamfanonin Japan galibi MPa 4.0 zuwa 4.15 ake rubutawa, wato bar 40 zuwa 41.5, wajen psi 600. Wasu tsofaffin na'urorin R22 kuwa psi 150 ne a ƙasa, 300 a sama. Ka ga ratar. Wanda ya saba da sabuwa ya ba tsohuwa bar 40, shi zai haifar da yoyon da ya zo nema.

Kishiyar haka ma kuskure ce, kuma ita ta fi yawa. Mutum ya ba bututun R410A psi 150, ya ga allura ta tsaya, ya ce aiki ya yi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, na waje yana kan rufi rana na dukansa, matsin ɓangaren sama yana wuce bar 30. Fileya, wato haɗin bakin bututu da ake ɗaurewa da noti, idan ta riƙe bar 10 ba ta yi maka alkawarin riƙe 30 ba.

Firji na gida da firiza su ake lallaɓawa. Farantin sanyinsu alminiyam ne siriri, yana kumbura idan aka matsa masa, kuma R600a ɗin da ke cikinsu ko a zafin digiri 40 bai kai bar 5 ba. A ganina bar 8 zuwa 10 ya isa, sai fa idan farantin ya ce ƙasa da haka. AC na mota ma a tsaya wajen bar 10 zuwa 12, domin kwayil ɗin da ke bayan dashbod idan ya fashe sai an kwance gaban motar gaba ɗaya.

Yaya ake ɗaurawa, yaya ake hawa?

Tukunya a tsaye, a ɗaure da sarƙa ko igiya. Share bakin bawul da tsumma mai tsabta marar maiƙo, ka ɗan buɗe ka rufe nan take don ƙura ta fita, bakin yana kallon inda ba kowa. Ɗaura noti da hannu, ka ƙarasa da sifana. Ba a sa farin tef, ba a sa giris, domin ba zaren noti ne ke riƙe iskar ba, kan wuyan ne ke zama a mazauninsa.

Kafin ka buɗe tukunya, warware hannun regileta zuwa hagu har ka ji ya saki. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Idan hannun na danne, bar 200 zai daki tantani lokaci guda. Tsaya a gefe, kada fuskarka ta kalli gilashin agogo, sannan ka buɗe a hankali.

Shiga ta jan geji, wato na ɓangaren matsi mai yawa. Shuɗin gejin R22 ba a yi shi don wannan matsi ba, rufe shi ko ka cire. A na'ura mai raba biyu, bawulolin na waje su kasance a rufe, bututu da na ciki kaɗai kake gwadawa. Bakin caji na yawancin masu R410A da R32 inci 5/16 ne, sai da ƙaramin adafta. A manyan na'urori masu bawul na lantarki, ba da iska ta bututun ruwa da na gas duka biyu, in ba haka ba rufaffen bawul zai ɓoye maka rabin layin.

Hawa kuma mataki-mataki ne. Littafin Mitsubishi Electric na na'urorin R410A ya tsara shi haka: bar 5, a jira minti 5, bar 15, a jira minti 5, sannan bar 41.5, a bar shi kamar kwana ɗaya. Babban yoyo tun a matakin farko zai yi maka tsaki, ka huta da asarar iska. Da ka kai ƙarshe, rufe bawul ɗin geji, rufe tukunya, cire regileta. Idan ka bar ta a haɗe, za ta riƙa cike gurbin abin da ke fita, allura ta tsaya cak alhali yoyo na nan. Ba shi kamar kwata na awa ya lafa, domin iskar da aka matsa tana ɗan ɗumi, sannan ka rubuta abu uku a jikin tef ka manna: matsi, lokaci, da zafin wurin. Kada a kunna kwamfiresa da naitirojin a ciki.

Na bar shi a bar 40 da yamma, da safe na tarar da 38. Yoyo ne?

Ba lallai ba ne. Iska a rufaffen wuri matsinta na bin zafi: ta yi ɗumi ya hau, ta huce ya sauka. A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da rana ke ƙuna dare kuma ya yi sanyi.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙara 1 a kan bar ɗin da geji ya nuna, ƙara 273 a kan digirin zafi. A ce ka rufe a bar 40 da ƙarfe huɗu na yamma, zafi digiri 38: ka samu 41 da 311. Da asuba zafi ya sauko 22, wato 295. Ninka 41 da 295, ka raba da 311, zai ba ka 38.9. Cire 1 ɗin nan, saura 37.9. Ke nan bar 2 ɗin da ka rasa sanyin dare ne ya ci, bututunka lafiya yake. Da ka tarar da 35, to akwai magana. A taƙaice, a irin wannan matsi kowane digiri ɗaya yana motsa allura da bar 0.1 da ’yan kai.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka karanta a lokaci ɗaya: ka rufe da huɗu, ka dawo gobe da huɗu. Auna zafin kusa da bututun, ba wanda waya ta faɗa maka na gari ba, domin bututun da ke bin bangon yamma zafinsa dabam ne. Wannan lissafin yana kuma kama ɓarawo ta ɗaya gefen: ka rufe da sanyin safiya, da rana tsaka ka ga allura ba ta motsa ba, ka yi murna. Ai kamata ya yi ta hau. Rashin hawanta shi ne yoyon.

Geji mai allura da ya kai psi 800 tsakanin zane da zane yana da faɗi, ƙaramin yoyo yana iya kwana bai nuna ba. Geji na dijital yana ganin abin da ido ba ya gani, wasunsu ma suna yin lissafin zafin da kansu. Kafin ka zargi na'ura kuma, zargi kayanka: robar bakin tiyo da ta tsufa ta sa mutane da yawa sun kwance fileya mai lafiya.

Na tabbata akwai yoyo. Ta ina zan gano shi?

Kunne tukuna, sannan kumfa. Ruwan gwaji na kanti ya fi, domin yana da kauri yana manne wa ƙarfe. Ruwan sabulun wanki ma yana yi, amma a wanke shi bayan an gama don kada ya ci tagulla. Shafa ka jira. Babban yoyo yana hura balan-balan nan take, ƙarami kuwa sai bayan mintuna za ka ga ’yan ƙananan kumfa fari sun taru wuri ɗaya. Sa ɗan madubi ka ga bayan haɗi, wajen da ke kallon bango.

Fara da inda hannun mutum ya taɓa: fileya huɗu na na'ura mai raba biyu, wuraren walda, allurar bakin caji, murfin bawul. Sai inda bututu ya ratsa bango ko yake gogar ƙarfe, sai lanƙwasar gefen kwayil. Duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura ya yi baƙi, nan gas ya daɗe yana bi. Idan abin ya gagara, raba layin gida-gida ka gwada kowane shi kaɗai.

Na'urar shinshinar gas ba ta jin naitirojin. Akwai gauraye na musamman, kashi 95 naitirojin kashi 5 haidirojin, wanda ba ya kama wuta a wannan ma'auni, amma sai da tasa na'urar shinshinar, kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Idan na zuƙe iskar layi da injin bakyum ya riƙe, ba shi ke nan ba?

Bakyum komai kyawunsa bambancin bar 1 kaɗai yake bayarwa, kuma ciki yake ja, ba waje yake turawa ba. Yana iya janyo sakakkiyar fileya ta manne ta yi kamar lafiya. Idan kuma akwai rami, laimar waje yake zuƙo maka. Aikinsa busar da layi ne, bayan naitirojin ya gama nasa.

Ana cewa a riƙa sakin naitirojin lokacin walda. Da wannan regiletar?

Da ita, amma da ƙarin ma'aunin gudu a bakinta. Yanka bututun da aka yi wa walda ba naitirojin ka leƙa: za ka ga baƙin ɓawo yana ɓarewa, ka goga yatsa ya fito baƙi ƙirin. Jan ƙarfe ne ya ƙone da oksijin ɗin da ke ciki. Man sababbin na'urori yana wanke wannan ɓawo ya kai shi kafilari ko bawul na lantarki, bayan wata biyu a kira ka a ce sanyi ya ragu.

Abin da ake so kaɗan ne ƙwarai: wajen bar 0.2, lita 1 zuwa 3 a minti, iskar da da ƙyar za ka ji ta a bayan hannunka. Ɗaya ƙarshen bututun a buɗe. Idan ta yi yawa za ta hura narkakken ƙarfen ta bar ƙananan ramuka. Regiletar bar 50 ba ta iya saita irin wannan ɗan abu da kanta, shi ya sa ake ƙara ma'aunin mai ƙwallo a cikin gilashi. Cire shi kafin gwajin matsi, ba a yi shi don haka ba. Wasu regiletocin suna zuwa da saiti uku a jikinsu, na hurawa da na walda da na gwaji, ga mai hali.

A na'urorin R32 da R290 da R600a, bayan an kwashe gas, a wanke layin da naitirojin kafin a kawo wuta kusa.

Na saita bar 20, na rufe geji, amma allurar regileta tana ta hawa ita kaɗai.

Mazaunin bawul ɗin ciki ya ci, ko datti ya maƙale a kai, iskar tukunya tana sulalowa. Rufe tukunya yanzu. Irin wannan ba ta da iyaka sai matsin tukunya. A kai ta wurin masu gyaran da ke da kayan kamfaninta, ko a sauya. Haka agogon da allurarsa ba ta komawa sifili, da wanda gilashinsa ya fashe. Gwada ta lokaci-lokaci: toshe bakin fita, saita matsi, ka zuba ido na mintuna. Kullum bayan aiki rufe tukunya, saki iskar da ta rage har agogo biyu su faɗi, warware hannu, ka sa ta a jaka saboda ƙura.

Ƙaramar tukunya za ta ishe ni?

Tukunya mai lita 10 a bar 200 tana ɗauke da kusan lita 2,000 na iska, mai lita 50 kuma kusan 10,000. Bututu mita 5 da na cikin ƙaramar na'ura duka cikinsu wajen lita 1 ne, a bar 40 ke nan lita 40 ko makamancin haka. Ƙaramar tukunya za ta yi maka gwaji da yawa, hura bututu ne ke cinye iska. Sai dai tukunyar da ta sauko bar 35 ba za ta iya ba ka 40 ba. Ragowar ta walda ce. Kada ka kwashe ta tas, bar ’yan bar a ciki don kada laima ta shiga kafin a sake ɗurawa.

Tunda ba ya kama wuta, ba shi da wani haɗari ke nan?

Yana da biyu. Na farko, ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana korar oksijin. A ɗakin sanyi na kifi ko na magani, ko ɗakin injina da ke ƙarƙashin gini, idan ka saki mai yawa ƙofa a rufe, jiri ne zai fara, wani ma ba ya jin komai sai faɗuwa. Oksijin ɗin ɗaki idan ya gaza kashi 19.5 cikin 100 an shiga haɗari. Ja tiyo zuwa waje, bar ƙofa a buɗe, wani ya tsaya a bakinta.

Na biyu, tukunyar kanta. Idan ta faɗi bawul ya karye, tashi take yi ta bi duk abin da ke gabanta. Kada a ɗauke ta a babur ko a Keke da regileta a ɗaure a kanta. Cire, sa murfin ƙarfe, ɗaure ta da kyau. Kada a bar ta cikin but ɗin mota a rana: tukunyar da aka cika bar 200 a digiri 15 tana haura 220 idan ta kai digiri 50.

Gwaji ya yi kyau. Sai me?

Saki naitirojin a hankali ta geji, kada ka kwance tiyo da matsi a ciki ya yi maka bulala, kuma sakin gaggawa yana fitar da mai. Idan za ka ƙara ɗaure fileya ko ka sake walda, sai allura ta koma sifili. Bayan nan injin bakyum, har ƙasa da maikiron 500 a ma'aunin bakyum (maikiron shi ne awon ɗan matsin da ya rage a ciki), a rufe a ga ya tsaya. Layin da ya daɗe a buɗe, ko aka yi aikinsa da damina, a katse bakyum ɗin da ɗan naitirojin, a saki, a sake ja, sau biyu ko uku. Naitirojin da ya rage a ciki ba ya zama ruwa a kwandansa, zai tare wuri ya ɗaga matsi, kwamfiresa ta yi zafi ta riƙa jan wuta fiye da kima. Sai bakyum ya tsaya sannan a buɗe bawulolin na waje, ko a auna gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta a faranti.